Hantar Ƙasa

"Yaya, daga yau kin daina zuwa ramin nan."

Haka ya ce min yana tsaye a tsakar gidana, ko sallamar kirki bai ƙarasa ba. Ƙanin marigayi mai gidana ne, kafinta. Ni kuwa ina durƙushe gaban kwatarniya, hannuwana cikin laka har gwiwa. Na ɗago na dube shi. Gemu ne a fuskarsa wanda bai fi wata uku ba, ya fito nan ya ƙi fitowa can, kamar gonar da aka shuka ruwa ya ɗauke. Wandon kuma ya tsere sama ya bar idon sawu a fili.

Na ce, "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Shari'a ce ta zo. Bai dace mace ta riƙa fita bayan gari ita kaɗai tana haƙa kamar lebura ba. Maza suna wucewa ta wajen."

"Wane namijin? Wanda zai baro 'yan matan gari ya biyo tsohuwa mai haƙori shida cikin rami, ai shi ya kamata a kai asibiti. Kuma shekara nawa kana ganina ina haƙar nan, kana karɓa kana cewa Allah ya ƙara ƙarfi?"

"A da muna cikin duhu."

"Kai dai kana ciki."

Ya shafa gemun, duk da ba wani abin shafawa. Ya ce shi ne namiji a gidan yanzu, ramin kuma a gefen gonar gado yake, gonar kuwa tun da yayansa ya rasu shi ke da ta cewa a kanta. Zai riƙa tura leburori su haƙo masa da kansa. Ni in zauna a ɗaki in ja carbi, duk Juma'a zai aiko min da gero.

Na ce, "Wato ƙasar ba haramun ba ce, ni ce haramun."

Ya juya ya fita, wandon na kaɗa masa ƙwauri.

Bari in faɗi abin da ke cikin ramin nan, don wanda bai sani ba zai ɗauka zinariya muke faɗa a kai. Ƙasa ce. A bayan duwatsu, inda ruwa ya zaizaye gefen gonar, in ka tone jar ƙasa ta sama kamar kamu biyu, za ka tarar da wata jijiya mai duhu, ba ja ba, ba baƙa ba, kaurinta bai fi tafin hannu ba. Launin hantar rago da ta kwana. Shi ya sa a gidanmu hanta muke ce mata. Kakata ce ta nuna min irinta tun ina yarinya, da ita take yi wa ɗakin amare zane, ta dama da ruwan ƙaro ta ja layi a bango da gashin kaza. Da na yi aure na ga irinta a gonar mijina, na yi shiru da bakina na fara ɗiba.

Haƙar ba ita ce aikin ba, jaki ma in an ba shi fartanya zai haƙa. Aikin a wanki yake. A jiƙa ta a randa kwana uku, a dama, a bar tsakuwa ta kwanta, a tsiyaye na sama ta cikin tsohon ɗankwali. A bar shi ya kwanta, a zubar da ruwan, a sake sabo. Ana yi ana ɗanɗana ruwan a harshe, sai ranar da ya daina kanwa-kanwa. Sannan a shanya a faifai a inuwa. In ta bushe a soya ta a kasko ba mai ba ruwa, ana juyawa, har duhunta ya ƙara zurfi ta fara ƙanshin sabon tulu. Daga nan sai dutsen niƙa. Ana niƙa ana sa wa a tsakanin haƙora, in ka ji ƙus, da saura. Rabin haƙorana a nan suka tafi. Sati biyu nake yi kafin buhu guda ya zama kwano uku.

Da can mata kawai nake sayar wa, masu gyaran ɗaki. Sai aka yi mana jiha, aka ce Dutse ce babban birni. Muka wayi gari ma'aikata sun cika garin, kowa da jaka da fuskar wanda aka aiko gidan makoki. Litinin su zo, Alhamis da yamma su gudu Kano kamar an ce ga kura nan. Amma ko kwana uku mutum zai yi a gari yana son gado, yana son kujera, yana son teburin da zai ɗora ƙafa a ofis. Kuma kowannensu maɗaci yake so, katako mai duhu irin na gidan manya.

Kafintan namu a lokacin ƙyauren ɗaki da akurkin kaji yake bugawa. Ina ya ga maɗaci? Farin katako yake samu, mai sauƙi, wanda in ka ɗaga kamar ka ɗaga kara. Wata rana ya shigo gaishe da yayansa, ya ga garin hanta a faifai, ya ɗebi kaɗan ya dama da man gogen katakon nan da suke kira banish, ya shafa a kan guntun farin katako. Da ya bushe ya kawo min da sauri.

"Yaya, dubi! Rantse ba maɗaci ba ne!"

Na ce, "Ni ba na rantsuwa a kan abin da na san ƙarya ne. Kai ma ka kiyaye."

Ya kiyaye ɗin, don ban taɓa jin ya ce wa mai saye maɗaci ne ba. Ban kuma taɓa jin ya ce ba maɗaci ba ne. In an tambaye shi sai ya buga kujerar da tafi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima." Da haka ya yi shago, ya yi babur, ya yi tumbi. Sauran kafintocin layinsu duk a hannunsa suke karɓar garin, don a cikinsu shi kaɗai nake ba wa. Ni ma da yayansa ya rasu ban nemi komai a wajen kowa ba. Hanta ce ta ciyar da ni, ta rufa min asiri, ta aurar min da 'ya. Da kuɗinta na sayi littafi da fensir na shiga ajin manya, ina zaune da jikokin ƙawayena suna min dariya ina ba su amsa.

Akwai kuma wani mai fenti, mai zana allon shaguna, siriri kamar sillen kara. Shi ma yana zuwa saye. Ya ce duk fentin gwangwani ba wanda ke fitar da fatar mutum baƙi yadda take, ko ya yi ja kamar an ƙona mutum ko ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Da hantata yake zana kawunan da ke allon masu aski, da matan da ke jikin shagon tela. Da aka fara maganar shari'a ya zo ya ce min an ce masa ya daina zana mai rai. Ya koma zana dabino da rubutu, kore da fari. Ya ce, "Iya, dabino ba ya buƙatar fata." Na ce Allah ya kyauta. Shi dai bai ɓoye komai a bayan gemu ba, ciniki ya ƙare ya faɗa.

To da mai fenti ya tafi, saura kafinta. Shi ma ga shi ya zo da tasa. Ni na san lissafinsa tun kafin ya buɗe baki. Ya samu babban aiki ne. Wani Alhaji, darakta a wata ma'aikata, ya gina makarantar Islamiyya a jikin gidansa a unguwar Takur, yana son bencina da kujerun manyan baƙi kafin ranar buɗewa. Aikin zai ci gari da yawa, shi kuwa ya ga don me zai sayi abin da ke kwance a gonarsu kyauta.

Washegari ya tura ƙarti huɗu da diga da shebur da a-kori-kura. Maƙwabciyata da ta je itace ta dawo ta ce min, "Sun kwashe gefen gonar nan kamar za a gina masallacin Juma'a." Na tambaye ta wane launi ta gani a bayan motar. Ta ce ja da baƙi da tsakuwa har da saiwar sabara. Na ce madalla.

Na zauna a ɗaki kamar yadda aka umarce ni. Ranar Juma'a gero ya zo, kwano ɗaya, rabinsa ƙaiƙayi. Juma'a ta biyu ya zo. Ta uku aka ce ya yi tafiya Ringim. Ni da nake ba almajirai sadaka, na koma zaman jiran ƙarar babur a ƙofar gida. Randunana suka bushe, ƙadangare ya tare a ɗaya. Hannuna ya yi fari tas, na dube shi ban gane shi ba. Carbin ma na ja, ba don ya ce ba, don tun kafin a haifi gemunsa nake ja.

Ana cikin haka sai ga matarsa, faccalata. Mace ce mai kirki, Allah ya haɗa ta da aiki. Ta shigo cikin hijabi har ƙasa tana tuntuɓe da shi, ta zauna a bakin tabarma, ta yi gaisuwa ta sake gaisuwa, ta tambayi kaji, ta tambayi ƙafata. Na ce, "Ke, faɗi abin da aka aiko ki."

Ta sunkuyar da kai. "Yaya, cewa ya yi in tambaye ki da dabara, kar ki gane."

"To ban gane ba. Faɗi."

"Wai man gyaɗar nan, ludayi nawa kike sa wa a kwano ɗaya?"

Na dube ta. Sai can na gano inda aka dosa. Ni in zan nuna wa mai saye launin gari, ina ɗiga man gyaɗa a tafin hannu in murza garin a ciki, don busasshen gari fari-fari yake, sai ya ji mai yake nuna duhunsa. Ɗigo ɗaya, don ido kawai, in goge a zani. Shekara da shekaru yana ganin kwalbar man nan a gefen faifai. Shi duk jiƙon da tacewar da suyar bai gan su ba, don a bayan ɗaki nake yi, kuma aikin mata ne, ba abin da namiji zai tsaya kallo ba. Kwalbar kawai ya gani. Ya ɗauka a cikinta asirin yake.

Na ce, "Me ya faru da wanda ya dama?"

Ta ce ya tankaɗe ƙasar da rariya ya zuba a banish, ta ƙi haɗuwa, ta yi gudaji, burushi yana jan yashi a kan katako kamar an ja kaza a ƙasa. In ya bushe kuma sai ya yi fari-fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba.

Na ce, "Ki je ki faɗa masa, ban taɓa sa man gyaɗa a cikin gari ba, ko ɗigo. Wanke ta ake yi, sati biyu. Kuma ki ce masa man gyaɗa ba ya bushewa a kan katako, ko shekara zai yi."

Allah shi ne shaidata, haka na faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Bayan kwana biyu ta dawo ɗebo wuta, ta ce min da ta faɗa masa dariya ya yi. Ya ce, "Na san za ta ce haka. Baƙin ciki ne irin na mata. Wa ya taɓa wanke ƙasa? Ƙasar da ake wanke abu da ita?" Ya aika kasuwa aka sayo masa galan guda na man gyaɗa, mai kyau, na matan ƙuli-ƙuli. Ya kwaɓa ƙasar da shi ta yi laushi, ya tsinka da ɗan banish da kananzir, ya shafa. Ta ce, "Yaya, wallahi ya yi kyau. Sheƙi yake kamar goshin amarya."

Na ce, "Zai yi."

"Ya ce in faɗa miki Allah ba ya barin bawansa."

"Ki ce masa na ji, kuma gaskiya ne."

Ranar buɗe makarantar a tsakiyar bazara ta faɗo, zafin da ƙadangare ke gudu da ƙafa uku. An gayyaci mata su taya girki, faccalata ta ce in zo mu tafi. Na ce ai an hana ni fita. Ta ce wannan fitar lada ce. Na zura hijabin da 'yata ta ɗinka min na bi ta.

Mu mata muna cikin gida wajen tukwane, amma ƙofar gidan ta ƙarfe ce mai ramuka, kuma ni ban zo don yanka albasa ba. Na samu kujera 'yar tsugune na zauna a jikin ƙofar. A waje an kafa rumfuna, an jera bencinan layi-layi, kujerun manya a gaba. Ba zan yi ƙarya ba, sun yi kyau. Tun safe suke shan rana suna ƙyalli. Kafinta yana tsaye a gefe cikin sabuwar jallabiya, duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Aikin hannuna ne."

Bayan azahar baƙi suka fara zuwa. A shekarun nan kowa fari yake sawa, in ba ka sa fari ba kamar ba ka goyon baya. Daraktoci, malamai, 'yan kasuwa, shadda tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Kowa ya tattara babbar riga ya zauna a hankali. Aka fara jawabi. Mai gidan ya yi, wani ya tashi ya gode wa mai gidan, wani ya tashi ya gode wa wanda ya gode. Masu jawabin daga kan tabarmar gaba suke tasowa, shi ya sa ba a ga komai ba. Na kan bencina suna zaune suna zufa, zufar tana ratsa shadda tana gaisawa da man gyaɗa.

Abin da na fara lura da shi mutsu-mutsu ne. Wani mai tumbi a layi na biyu ya kai hannu ya sosa cinya. Na kusa da shi ya ɗaga ƙafa ya duba. Kiyashi ne. Sun ji ƙanshin mai tun daga ina, sun yi layi suna hawa ƙafafun bencina, cinnaku na biye da su. Amma wa zai tashi ana karanta ayoyi? Haka manyan mutane suka zauna suna cije leɓe, suna murza ɗuwawu a kan benci, suna ƙara shafe shi da kyau.

Aka kira la'asar, kowa ya miƙe lokaci guda.

Ni ƙarar na fara ji, ɓaaat, kamar an ɓare fata daga jikin ganga. Sannan na gani. Duk wanda ya juya, ga layi biyu masu kauri a ɗuwawu, ɗaya a gadon baya inda ya jingina. Launin kuwa, in ba ka san hanta ba, abu ɗaya kawai za ka ce. Na bayan ya ga na gabansa ya toshe baki, bai san nasa ya fi ba. Wani tsoho ya ja rigar wani darakta ya raɗa masa magana a kunne, daraktan ya waiga ya kama bayan rigarsa ya yi salati da ƙarfi. Cikin ɗan lokaci fili ya koma mutane suna zagaya kansu kamar kare mai neman jelarsa.

Matan da ke bayana suka ture ni suna leƙe. Wata ta ce, "Innalillahi, abincin ne? Ai ba a ma raba ba!" Faccalata ta ja hijabi ta rufe fuska ta zauna a ƙasa.

Sai gardama ta tashi a kan salla. Wani malami ya ce ba za a yi da kayan nan ba sai an san ko najasa ce. Wani ya dangwala da yatsa ya kai hanci, ya daɗe yana shinshina, ya ce shi dai ƙuli-ƙuli yake ji. Aka ce a kira kafinta. Aka waiga, sai jallabiya can tana shan kwana a bayan katanga. Yaran Alhaji suka tare shi suka dawo da shi. Ya rantse ƙasa ce da man gyaɗa, ba wani abu. Babban malamin, wani dattijo mai sanyin magana wanda Allah ya taimaka a tabarma ya zauna, ya ce to ƙasa mai tsarki ce, da ita ake taimama, man gyaɗa kuma abinci ne, a yi salla. Haka aka yi sahu. Ban taɓa ganin sahu irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake gani, don dariya a bayan masu salla ba kyau, na kuwa yi, Allah ya yafe min.

Da aka idar Alhajin bai ɗaga murya ba. Ya kira kafinta gefe, kusa da ƙofar da nake. Ya ce, "Malam, ka san wanda ke zaune a kujerar tsakiya?" Kafinta ya ce ya sani. Ya ce, "To shaddarsa ta fi shagonka. Ka kwashe tarkacenka yau. In yara sun fara karatu ba su zauna a kan abin kirki ba, ni da kai sai gaban alƙali. Ai yanzu shari'a ake."

Kwana biyu ban ji motsinsa ba. A na uku da hantsi na ji ana sauke kaya a ƙofar gida, ana ta ƙarar katako. Sai sallama, cikakkiya wannan karon, har da wabarakatuhu. Ya shigo ya tsuguna nesa da tabarmata. Hannuwansa duk sun yi duhu har farce, gemun ma ya samu rabonsa.

"Yaya, barka da hutawa."

"Hutawa kam ina yi. An ce in huta."

"Ya ƙafa?"

"Tana nan, ba inda take zuwa."

Ya shiga zane a ƙasa da tsinke. Ya ce ya goge da tsumma, ya goge da kananzir, ya shanya a rana, kullum man sai ya sake tsatsowa. Sauran kafintoci kuma sun zo har shago suna tambayar gari, ya ba su nasa, sun dawo masa da shi. Ɗaya ma ya ce in ƙasa yake so ai akwai a ƙofar gidansu.

Na ce, "Ai baƙin ciki ne irin na mata."

"Yaya, a bar tone-tone."

"Ni ma an ce in bar tone-tone, na bari."

Na bar shi ya tsuguna har ƙafarsa ta yi sanyi, sannan na faɗa masa. Bencinan sai an wanke su da ruwan toka mai zafi, a kankare fuskar katakon har a wuce inda man ya shiga, a bar su su sha iska. Wannan aikinsa ne, ba ruwana. Gari kuwa ina da kwano biyu da na ɓoye a ƙarƙashin gado, za su fara masa kujerun manya. Sauran sai an haƙo sabo, sati biyu, ba ragi.

Ya ce, "To in turo leburori su…"

"Su sake kwaso maka saiwar sabara? Ba mai taɓa min rami. Ni zan je, ni zan haƙa, yau da gobe da duk ranar da na ga dama. Geronka kuma ka riƙe, ka ba kajin matarka, su ma sai sun tsince."

Ya ce ya yarda.

Na ce, "To mazan da ke wucewa fa? Da shari'ar?"

Ya shafa gemu, ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya ce, "Ai Yaya, malamai sun ce in akwai lalura…"

"Lalurar wa?"

Ya ci gaba da shafa gemun.

Na tashi na ɗaura ɗamara a kan zani, na ɗauko guntuwar fartanyata a bayan randa, na miƙa masa buhu biyu da tulun ruwa. Ya ce ga babur a waje. Na ce shekara talatin da ƙafa nake zuwa. Muka bi ta cikin unguwa ina gaba yana baya, mutane suna gaishe shi yana amsawa ƙasa-ƙasa.

Da muka isa na tsaya a bakin ramin. Sun farke gefen gonar kamar kura ta samu mushe. Gaɓar da nake bi a hankali shekara da shekaru ta rufta, ja ta haɗu da baƙa, ga sawun taya, ga gwangwanin sigari. Jijiyar babu ita. Na zagi leburorin, na zagi wanda ya aiko su, yana tsaye yana cewa na'am.

Na sauka da baya ina dafa gaɓa. Na bi gefen da ruwa ke bi, na tone nan, ja. Na matsa na tone can, tsakuwa. Rana ta hau, zufa tana shiga min ido, shi yana sama yana tambaya ko an samu, ko an samu. Na ce in ya sake magana zan hau in tafi gida. Sai can wajen gindin wata tsohuwar kalgo, na kwanta a kan cikina na zura hannu har kafaɗa a ƙarƙashin gaɓar da ta rufta, na ji wuri mai sanyi mai santsi. Na yago na fito da shi rana, na murza, na sa a harshe.

Na ce, "Kai, Ustazu. Naɗe jallabiyar nan ka sauko da buhu."